Kwafi Mai Lamba Bakwai

Ranar Litinin aka wayi gari littafin da bai shiga kasuwa ba yana yawo a wayoyin mutane. Shafi ɗari biyu da takwas, an bi su ɗaya bayan ɗaya an ɗauka a hoto, an watsa a zaurukan masu karatu na intanet. Saura kwana goma a ƙaddamar da shi. Kafin rana ta take, wanda bai taɓa sayen littafi ba a rayuwarsa ma yana da nasa, har yana tura wa surukinsa.

Mai Kamfani, wanda ya buga littafin, bai nemi 'yan sanda ba tukuna, Baba Mai Sawu ya kira. Tsohon ɗan sanda ne da ya ajiye kaki, ya shekara goma sha ɗaya yana bin sawun masu buga littattafan mutane a ɓoye. In aka ba shi littafin jabu, zai bi shi daga teburin mai talla zuwa ɗan dako, daga ɗan dako zuwa ɗakin da injin yake. Rabin abin da gidansa ke ci daga wannan kamfanin yake fitowa, kuma Mai Kamfani mutum ne da ba ya bari a manta da irin wannan.

Baba ya tarar da shi a ofis yana kai da kawo tsakanin tebur da taga. Gefe ɗaya Jami'in Talla na tsaye rungume da fayil, matashi mai tsabtar riga, wanda ke gyaɗa kai tun kafin maigidansa ya gama magana. Shi ya yi bayanin yadda suke aiki. Kafin littafi ya fito, sukan ɗinka kwafi goma sha biyu su aika wa masu sharhi goma sha biyu da ke rubutu a intanet. Kowane kwafi akwai ɗan hatimi mai lamba a ƙasan shafi na tara, don a san na wane ne. Sauran littattafan suna sito a kulle, mukulli na aljihun Mai Kamfani. Jami'in ya miƙo waya, ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu. Lamba bakwai ce, ɓaro-ɓaro.

Mai lamba bakwai kuwa malamar makarantar sakandare ce, wadda masu karatu ke kira Malama kawai, don in an ce Malama ta ce littafi ya yi, to ya yi. Makonni biyu da suka wuce ta rubuta cewa wannan littafin ya fara da ƙarfinsa, amma kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe an yi shi ne a guje, kamar tela da mai kaya ke tsaye a kansa. Sau uku kamfanin ya neme ta. Na farko da lallashi, na biyu aka tuna mata littattafan da ake aika mata kyauta, na uku takardar lauya ce. Ba ta sauke sharhin ba.

Mai Kamfani ya ce sun riga sun sanar da sunanta a shafinsu tun da safe. Ranar Juma'a zai tara masu sharhin duka a ɗakin taro. Za ta karanta takardar amsa laifi da lauya ya rubuta, ta sauke sharhinta, ko kuma ta kwana a hannun hukuma.

"Rahoto nake so, Baba, da sa hannunka a ƙasa. Mutane sun san sa hannunka."

Baba ya ce zai duba, ranka ya daɗe. Yana saukowa daga bene ransa ba daɗi. Ya daɗe a aikin nan, ya san bambancin wanda ya ɗauke ka ka nemo ɓarawo da wanda ya riga ya kama nasa, yana neman mai riƙe masa igiya.

*

Yayan Malama ne ya buɗe ƙofa, makaniki, da baƙin mai har gwiwar hannu. Da ya ji daga inda Baba ya fito, saura kaɗan ya mayar da ƙyauren. Ita ta yi magana daga ciki ta ce a bar shi ya shigo.

Ɗakin ƙarami ne, littattafai sun cinye bango biyu, har ƙarƙashin kujera. Tana zaune da kayan zuwa aiki a jikinta. Ta je makaranta da safe, shugaban makarantar ya tare ta a bakin ofis ya ce ta ɗan huta a gida har ƙura ta lafa, don iyayen yara sun fara buga masa waya. Ta faɗi wannan ba tare da ta ɗaga murya ba.

Ta ɗauko kwafinta ta ba shi. Lamba bakwai na nan a shafi na tara. Littafin lafiya lau yake, ɗinkinsa bai motsa ba, sai dai babu shafin da fensirinta bai taɓa ba: nan ta ja layi, can ta sa alamar tambaya, wani wurin ta rubuta "madalla", wani wurin "ina yarinyar ta shiga?" Hotunan da ke yawo kuwa fes suke, ko ɗigo babu. Yayan ya yi farat ya ce to ai magana ta ƙare. Baba ya girgiza kai. Za su ce ta ɗauki hoton ne kafin ta fara karatu, kuma ba shi da abin da zai ƙaryata su.

Ya tambaye ta wa ya taɓa littafin ban da ita. Ta yi tunani, ta ce ɗan aiken da ya kawo shi a babur ya makara da kwana ɗaya. Sannan wani abokin sharhinsu, wanda suke tsokana da Sarkin Yabo, ya zo gidan ya zauna da shi a hannu kusan rabin sa'a, tana kicin.

Da zai tafi ta rako shi bakin ƙofa.

"Baba, ba kamun nake tsoro ba," ta ce. "Mu goma sha biyu ne a zaurenmu na masu sharhi, ni na buɗe shi da hannuna. Yau da safe suka cire ni. Ko mutum ɗaya bai kira ya ce, ke, da gaske ne?"

Ya ce ta ajiye kwafin inda ba mai taɓa shi.

*

Talata ta tafi a banza. Ɗan aiken, magidanci mai furfura a gemu, sarƙar babur ɗinsa ce ta tsinke a ranar, kuma mai gyaran ya tuna da shi sarai saboda cinikin da suka sha. Ƙunshin yana cikin akwatin babur a manne, a manne kuma Malama ta karɓe shi, ita da kanta ta tabbatar.

Sarkin Yabo ya fi ba da wahala, ba don wayo ba, sai don surutu. Shagon sayar da wayoyi gare shi, a nan yake rubuta sharhinsa tsakanin ciniki da ciniki. A wurinsa duk littafin da aka buga gagarabadau ne, duk marubuci gwani ne. Ya rantse ya maya cewa ba ya ƙin Malama, ko da yake mabiyanta sun ninka nasa sau biyar, kuma ya san adadin har na jiya. Ya amsa cewa ya je gidanta, amma aiko shi aka yi. Jami'in Talla ne ya roƙe shi ya je ya ba ta baki, ta sassauta, ko jimla biyu ta canza a zauna lafiya.

Baba ya nemi ganin nasa kwafin. Mutumin ya jawo shi daga ƙarƙashin kanta. Yana cikin ledarsa, ko ɓarewa ba a yi ba, alhali ya yi masa sharhi mai tsawon gaske, har ya ce babin ƙarshe ya sa shi kuka.

"Bayan bangon nake karantawa, Baba," ya ce yana sosa ƙeya. "Kowa ya san abin da suke so a ce. In ka faɗa, a ci gaba da aiko maka, a kira ka taro a ba ka kujerar gaba. In ka ƙi, ga shi nan kana gani."

Baba ya dube shi, ya ga wanda bai iya ɓare leda ba, ba shi zai tsaya ɗaukar hoto ɗari biyu da takwas cikin rabin sa'a ba. Ya cire shi daga lissafi, amma maganarsa ta ƙarshe ta tsaya masa a rai.

Baba ya je wurin marubucin littafin ma. Mutum ne mai sanyi, ya rame a kwana biyu. Ba shi da ko kwafi ɗaya, sai abin da ke cikin kwamfutarsa, kuma wannan ba hatimi a jikinsa. Da Baba ya tambaye shi ko yana jin haushin Malama, sai ya kalli ƙofa ya rage murya. Ya ce wata shida ya roƙa don ya gyara ƙarshen, aka ba shi mako uku. Ita kaɗai ce ta lura.

*

Idon Baba ya fara gajiya da ƙananan abubuwa, don haka ranar Laraba ya shiga shagon masu buga takardu ya sa aka fitar masa da hotunan duka a manyan takardu. Ya baje su a tsakar ɗakinsa, ya sa tabarau, ya bi su a tsugune kamar mai tsintar shinkafar da ta zube. Matarsa ta leƙo ta ce in ya gama jarrabawar ya faɗa mata ko ya ci.

Wanda ya ɗauki hotunan ya yi aiki da hankali, ya yanke gefen kowanne daidai shafin. Guda ɗaya ne hannunsa ya goce. A hoton shafi na talatin da shida, wani siririn yanki na shafin da ke kusa da shi ya shigo ta dama, da lambarsa a ƙasa. Baba ya kawo takardar kusa da hancinsa, ya mayar da ita nesa. Arba'in da biyar ce. Ya jawo littafi daga kan tebur ya buɗe, ya jawo wani. Duk inda talatin da shida take, talatin da bakwai ke kallonta.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya nufi maɗaba'ar kamfanin da ke bayan ofis. Can ƙarshen zauren, bayan injin yanka, akwai wani dattijo mai ɗinkin littafi da suka saba gaisawa. Ya nuna masa. Dattijon bai ko gyara zama ba, ya ce ai wannan ba littafi ba ne, falle ne. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya zaro wata ƙatuwar takarda ya shimfiɗa. Shafi takwas ne a fuska ɗaya, takwas a baya, wasu a tsaye wasu kai ƙasa, lambobinsu a warwatse. Haka inji ke buga su, in ji shi. Sai an ninke sau uku, an ɗinke, an yanke baki, sannan kowane shafi ya koma kusa da ɗan'uwansa. Ya sa yatsa mai busasshen gam a kan talatin da shida. Arba'in da biyar na manne da ita.

Ke nan ba daga kwafin Malama aka ɗauki hoton ba, ba ma daga kowane ɗinkakken littafi ba. Wani ne ya sami fallayen da ba a ninke ba, ya buga musu lamba bakwai, ya ɗauka.

Ya tambaya wa ke iya samun irin waɗannan. Dattijon ya ce kowane aiki ana samun rara, nan ƙarƙashin tebur suke zama har mai sayen tsohuwar takarda ya zo. Ya ci gaba da shafa gam. Sai da Baba ya jira shi sosai, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, ranar Alhamis da ta wuce Jami'in Talla ya shigo ya kwashi saiti guda, wai zai yi hoton talla da su.

"Amma ban faɗa maka ba. 'Ya'yana huɗu ke makaranta, kuma ba maɗaba'ar da za ta ɗauki mai shekaruna."

Baba ya ce bai ji komai ba. Falle ɗaya kawai ya roƙa, aka naɗe masa.

*

Ranar Alhamis ya hau bene don ya faɗa wa Mai Kamfani a keɓe, ko a kashe wutar a cikin gida. Ya fara da cewa akwai abin da bai daidaita ba a hotunan. Mai Kamfani bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya ce bai tambaye shi abin da ya daidaita da wanda bai daidaita ba, lamba bakwai lamba bakwai ce. Sannan ya yi murmushi ya ce akwai ayyuka uku da ke jiran Baba a wata mai zuwa, in an gama da wannan lafiya.

Baba ya sauko a hankali yana riƙe da ƙarfen bene. Tsoro ya ji, ba wani abu ba, irin tsoron mutumin da ya haura sittin kuma ya san ƙofofin da za su buɗe masa ba su da yawa. Ya zauna a kan dakalin wani shago ya daɗe. Daga nan ya aika wa masu sharhin saƙo ɗaya bayan ɗaya, cewa kowa ya zo gobe da kwafinsa.

*

Ɗakin taron ya cika kafin ƙarfe goma. Masu sharhi goma sha ɗaya sun jeru a gefe guda, an bar kujeru biyu babu kowa tsakaninsu da Malama da yayanta. Marubucin na can baya. Takardar amsa laifi na kan tebur da biro a kanta. Mai Kamfani ya yi jawabi a kan amana, ya daɗe yana yi, sannan ya ce Baba ya karanta rahotonsa.

Baba ya miƙe ya ce bai rubuta rahoto ba, ɗan aiki ne zai ba su. Kowa ya buɗe kwafinsa a shafi na talatin da shida, ya faɗi lambar da ke kallonsa. Aka fara buɗewa, Sarkin Yabo na ta fama da leda. Ɗaya bayan ɗaya suka ce talatin da bakwai. Malama ce ta ƙarshe, ita ma talatin da bakwai.

Ya ɗaga hoton da aka faɗaɗa ya zagaya da shi, kowa ya ga arba'in da biyar da idonsa. Sannan ya warware fallen a kan tebur, a kan takardar amsa laifin, ya nuna musu inda lambobin biyu ke maƙwabtaka. Ya yi bayani kamar yadda aka yi masa, bai ambaci wanda ya yi masa ba. Ya ce kwafi goma sha biyu ga su nan a ɗinke, sito a kulle yake, falle kuwa bai taɓa fita daga harabar gidan nan zuwa hannun mai sharhi ba. Abu ɗaya ya rage ya sani.

"Hatimin nan mai lamba, a hannun wa yake kwana?"

Idanu suka juya wuri ɗaya. Jami'in Talla ya ce a durowarsa yake, sai dai kowa na iya buɗewa. Baba ya tambaye shi ko durowar na da mukulli. Ya ce akwai. Wa ke riƙe da shi? Gumi ya keto masa ta wuyan rigar nan mai tsabta. Ya juya ga maigidansa, ya ce zaure ɗaya kawai ya tura wa, na mutum ashirin, da niyyar ya goge bayan sa'a ɗaya in an ga lambar. Bai san zai fita haka ba.

"Kai ka ce in san yadda zan yi da ita, ranka ya daɗe."

Mai Kamfani ya buga tebur. "Cewa na yi ka rufe mata baki. Ban ce ka watsa mini littafi ba."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ya gyara murya, ya ce wannan matsala ce ta cikin gida, za su ɗauki mataki, za su kuma sauke sanarwar da suka yi a kan Malama. Yana roƙon abin da aka yi a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin nan. Ya bi fuskokin masu sharhin da kallo, ya ce kamfani ba ya manta masoyansa.

Malama ta miƙe. Ba shi ta kalla ba, abokanta ta kalla.

"Dubban mutane sun karanta cewa ni ɓarauniya ce. Ɗalibaina sun karanta. In an sauke a ɓoye, wa zai san an sauke? A cikinku wa zai rubuta abin da ya gani yau?"

Mutum goma sha ɗaya, kowa da waya a hannu, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Baba ya ji kunya ta kama shi kamar shi aka tambaya. Ba shi da shafi, bai ma iya rubutu a waya da sauri ba. Ya ce wa yayanta ya kunna bidiyo. Ya tsaya kusa da fallen, ya faɗi ko shi wane ne da aikin da aka ɗauke shi, ya sake bayanin tun daga farko. Yana cikin yi ya ji Mai Kamfani ya fita ya bugo ƙofa, ya kuma san ba zai sake hawa benen nan ba.

*

Bidiyon ya zagaya, ko da yake bai kai inda sanarwar farko ta kai ba. Makaranta ta mayar da Malama aiki. An sallami Jami'in Talla, Mai Kamfani kuwa ya ƙaddamar da littafinsa a ranar da ya sa, masu sharhi goma sha ɗaya a kujerun gaba.

Bayan wata biyu hanya ta bi da Baba ta unguwarsu, ya tsaya su gaisa. Ta yi murna da ganinsa, ta tambayi aiki, ya ce da godiya, bai faɗa mata tun ranar ba wanda ya kira shi ba. A bakin ƙofar ɗakin ya ga ƙunshi huɗu a jere, daga wasu kamfanoni daban, duk a manne. Ya tambaya me ta rubuta kwanan nan. Ta ce jarrabawa ta sha mata kai, in an yi hutu za ta duba. Ya ce ai an yi hutu tun makon jiya.

Ta kalli ƙunshin.

"In na buɗe, Baba, sai na faɗi abin da na gani. Kuma yanzu na san abin da ake yi wa wanda ya faɗa."

Ya so ya ce mata ai an wanke ta, amma ya ga ta fi shi sanin hakan. Ya yi mata sallama ya fito. Yana tafe yana jujjuya abin a ransa: ya gano sawu, ya kama mai laifi, ya rasa aikinsa a kai, kuma duk da haka Mai Kamfani ya sami abin da ya nema tun farko.